Dogon Yaro a Gona: Baƙon da Ke Neman Gaje Kaɗanya da Ɗorawa

Na san da yawanku a ƙarƙashin inuwar dogon yaro za ku karanta wannan rubutu, ko a bakin aji ko a wajen mai shayi. To ku yi mini uzuri, yau ƙarar mai inuwar taku na kawo.

Ni ɗan ƙasar Zuru ne, ina shekarar ƙarshe ta difloma a fannin aikin gona. Muna da wata gona mai nisa da gari wadda muka yi damina uku ba mu taka ba, saboda matsalar tsaro da duk wanda ya fito daga yankinmu ya sani. A hutun da ya wuce, da abubuwa suka ɗan lafa, Baba ya ce mu je mu yi sassabe. Muna isa sai na ga ya tsaya ya riƙe haɓa. A tsakiyar gonar akwai wata babbar kaɗanya wadda tun kakanmu yana yaro take nan. Gindinta duk dogon yaro ya kewaye shi, wasu sun fi ni tsawo, wasu iya gwiwa. Na ƙirga na kai 40 da wani abu, na gaji na bari. Na duba ko zan ga tsiron kaɗanya ko guda ɗaya a wurin, wallahi babu. Haka gindin ɗorawa, haka gindin tsamiya. Mu uku, kwana huɗu muka yi muna sara.

Da muka dawo gida ina ba Kaka labari, sai ta ce da ni, “To maigida, kai da kake karatun gona, wa ya shuka su?” Na yi dariya, amma na kasa ba ta amsa mai gamsarwa a lokacin. Wannan tambaya ce ta sa na koma ga littattafai da malamanmu, kuma abin da na samo shi ne nake son mu duba tare.

Daga ina ya zo?

Mu a nan dogon yaro muke ce masa. A Kano darbejiya ake cewa, wasu wurare maina, wasu kuma bedi. Sunansa na kimiyya Azadirachta indica, kuma danginsu ɗaya da maɗaci, shi ya sa ɗacinsu ya zo ɗaya. Asalinsa daga yankin Indiya da Bama ne. A zamanin Turawan mulkin mallaka aka kawo shi ƙasar da yanzu ake kira Gana, lokacin da Guggisberg yake gwamna a can, tsakanin 1919 da 1927. Daga Gana aka shigo da shi Nijeriya a 1928, aka fara dasa shi a lardin Borno. Ka ga ke nan sai a 2028 zai cika shekara 100 a ƙasar nan. Akwai kukoki a ƙauyukanmu da suka girme shi nesa ba kusa ba, amma yau in ka tambayi yaro a firamare ya faɗi sunan icce ɗaya, shi zai fara ambata.

Ba a banza aka kawo shi ba, kuma gaskiya ya yi aiki. Yana jure fari, yana girma da sauri a ƙasar da wasu itatuwa ba za su yi ba, ga inuwa a tsakiyar bazara. Titunan Maiduguri da Sakkwato da Birnin Kebbi shaida ne. Alhazanmu ma sun san shi, domin dubban itatuwan da aka dasa a filin Arfa dogon yaro ne. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun daga 1975 ƙungiyar CARE da manoma suka jera shi layi-layi don tare iska, amfanin gero ya ƙaru a bayan layukan. A 1959 wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye ganyen itatuwa ta bar na dogon yaro. Bincike ya ci gaba har a 1968 aka fitar da sinadarin azadiraktin daga 'ya'yansa, wanda yanzu ake haɗa maganin ƙwari da shi a duniya. Iyayenmu kuwa sun daɗe suna sa ganyensa a rumbu, suna asuwaki da reshensa, suna yin rufi da iccensa saboda gara ba ta cika damunsa ba.

Duk wannan na yarda da shi. Matsalar tana farawa ne lokacin da ya bar bakin titi da ƙofar gida ya shiga gona da daji ba tare da kowa ya gayyace shi ba.

Wane icce ake kira mai mamaya?

A nan ne ɗalibai da yawa ke rikicewa a jarrabawa, don haka a kula. Ba kowane baƙon icce ne mai mamaya ba. Mangwaro ma daga Indiya ya zo, kashu kuma daga Barazil, amma ba ka taɓa jin manomi yana kukan mangwaro ya cinye masa gona ba. Inda ka dasa shi nan yake zama. Kafin masana su kira icce mai mamaya, abu uku suke dubawa: daga wani yanki aka kawo shi, yana yaɗuwa da kansa ba tare da dashe ba, sannan yaɗuwar tasa tana cutar da amfanin gona ko itatuwan asali ko rayuwar mutane. Dogon yaro ya cika sharuɗɗan nan uku a wurare da dama na Afirka ta Yamma. A filayen da ke kewaye da Akara a Gana, an daɗe ana ganin yadda ya bazu a daji da kansa. Abin da na gani a gonarmu irin wannan ne.

Yadda yake cin gari

Abu na farko, saurin haihuwa. Dogon yaro na fara 'ya'ya yana da shekara 3 zuwa 5. In ya kai shekara 10 ya zama cikakke, icce ɗaya kan iya ba da kilo 30 zuwa 50 na 'ya'ya a shekara. Kaɗanya kuwa sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara. Ka lissafa da kanka: kafin kaɗanya ta yi 'ya'yan fari, dogon yaron da suka tsiro rana ɗaya ya riga ya ga jikokinsa.

Na biyu, yana da masu yi masa shuka kyauta, kuma nan ne amsar tambayar Kaka take. In 'ya'yansa suka nuna suka yi ruwan ɗorawa, naman jikinsu yana da ɗan zaƙi. Tsuntsaye da jemagu suna cinsu a cikin gari, sai su tashi su tafi daji. A ina za su sauka? A kan babban iccen da ke tsaye a gona, wato kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, kanya ko ɗinya. Nan za su yar da ƙwallon, ko su kasayar da shi. Ya faɗo a inuwa mai laima, ga taki a tare da shi. Yawancin 'ya'yan kuma suna nuna ne daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina, daidai lokacin da ƙasa ta jiƙe. Cikin 'yan makonni ya tsiro. Shi ya sa ba ka cika ganin 'ya'yan dogon yaro a fili tsakiyar kunya ba, sai a gindin manyan itatuwa, wurin da ya kamata a ce 'ya'yan mai gindin ne suke fitowa.

Na uku, ɗaci. In aka saki dabbobi bayan kaka, akuya za ta bi tsiron ɗorawa da na gawo ta cinye tas. Dogon yaro kuwa sai yunwa ta kai mata karo take taɓa shi. A kowace shekara dabbobinmu suna yi masa shara, suna kawar masa da abokan hamayya.

Na huɗu, ba ya mutuwa da sara. Ka sare shi da adda, kututturen zai yi toho biyar ko goma. Garma ta yanke masa saiwa, wani sabo zai fito daga inda aka yanke. Baba ya ce shekarun baya ya sare guda a kan iyaka, yanzu wurin ya zama kurmi.

Amma fa kada mu ɗora masa laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ne muke tsince kaɗe kaf ba mu bar na iri ba. Mu ne muke sare ƙirya da marke da kaɗanya don gawayi, duk wanda ya bi hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Mu ne muke huɗe ƙananan tsiro da garmar shanu, mu kuma cinna wa daji wuta a rani. Ga kuma gonakin da aka bari dole a Danko-Wasagu da Sakaba da sauran sassan masarautar saboda 'yan bindiga. Gonar da ake nomawa kowace shekara, fartanya na kashe ƙananan dogon yaro ba tare da an lura ba. Wadda aka bari shekara uku ko huɗu, kafin mai ita ya dawo baƙo ya kafa gida.

Me ake asara?

Asara ta farko a kan hatsi take. Dogon yaro yana riƙe da ganye mai duhu duk damina, saiwoyinsa kuma suna bazuwa suna shan ruwa da abincin da dawa da masara ke buƙata. Kowane manomi ya san yadda dawa ke fitowa siririya a kusa da shi. Gwada shi da gawo. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, rana ta sami shuka, sannan ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Yana kuma ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Dogon yaro ba ya wannan aikin.

Ta biyu, wahala da kuɗi. Kwana huɗun da muka yi muna sara, da huɗa muka yi da su. Wanda ba shi da 'ya'ya maza a gida sai ya biya 'yan ƙwadago, kuma baɗi ma sai ya sake biya, tun da toho zai dawo.

Ta uku ita ce ta fi damuna, domin ba a ganinta da wuri. Manyan kaɗanyu da ɗorayin da ke gonakinmu tsofaffi ne. In ɗaya ta mutu ko iska ta kayar da ita, wa zai gaje ta? Wanda ke tsaye a gindinta. A hankali gonar da ke da itatuwa iri goma za ta koma mai iri ɗaya. Daga nesa za ka ga kore shar, ka ce daji yana nan lafiya, alhali abin da ke ciyar da gida ya tafi.

Ku tuna abin da waɗannan itatuwa ke ba mu. Kaɗanya na ba da 'ya'yan da ake sha a farkon damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga man kaɗe na girki da shafawa da sabulu. Ɗorawa na ba da gari, da kalwar da ake daddawa, da makubar da ake shafe gini. Tsamiya ta kunu, kuka ta miya, ɗinya ta maɗi. Yawancin wannan kuɗi hannun mata yake shiga. Ni kaina, kuɗin rajistata na zangon farko akwai na man kaɗen Kaka a ciki, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne a makarantar nan.

Kaɗe ba ƙaramar dukiya ba ce. Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen samar da shi, kuma Kebbi na cikin jihohin da ke da kaɗanya, tare da Neja da Kwara. Kamfanonin cakulan da na man shafawa a Turai suna sayensa. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sa dokar hana fitar da ɗanyen kaɗe waje na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. To amma masana'anta ba za ta matse mai daga iccen da babu ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta riga ta sa kaɗanya a jerin itatuwan da ke fuskantar barazana.

Darasi daga wasu wurare

A yankin Arewacin Ostireliya an dasa dogon yaro don inuwa, kamar yadda muka yi. Tsuntsaye suka kai shi bakin koguna ya cika su. Daga baya hukumar yankin ta sa shi a jerin tsirrai masu cutarwa, aka hana sayar da shi da dasa shi, aka wajabta wa masu filaye su hana shi yaɗuwa.

A Kenya kuma wani icce ne mai ƙaya daga nahiyar Amurka, Prosopis juliflora, wanda suke kira matenge. An dasa shi a yankin Baringo don yaƙi da hamada, ya mamaye makiyaya da hanyoyin ruwa. 'Ya'yansa masu zaƙi suna lalata haƙoran awaki. A 2006 mutanen yankin suka kai ƙarar gwamnati, har suka shiga kotu a Nairobi da akuya marar haƙora a matsayin shaida. Wannan icce yana nan a yankin tafkin Cadi, ya rufe wurare masu faɗi a jihar Diffa ta Nijar. Kada a rikita shi da ƙiryarmu, ko da yake an daɗe ana lissafa su a dangi ɗaya. A wuraren nan biyu da kyakkyawar niyya aka fara, kuma ba wanda ya tambayi abin da iccen zai yi bayan shekara 30.

Akwai kuma darasi mai daɗi daga Maraɗi. Daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aiki da manoma a kan wata dabara mai sauƙi. Maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a bari, a rage sauran, a riƙa yi masa aski har ya zama icce. A can suna kiran wannan sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, yawanci ba tare da dashe ba. In har ya yiwu a Maraɗi, inda ruwan sama bai kai namu ba, ai mu a Zuru ba mu da uzuri.

Abin da za mu iya yi

1. A tuge shi yana ƙarami. Ƙwallon dogon yaro ba ya daɗewa a ƙasa, cikin 'yan watanni yake mutuwa in bai tsiro ba. Wannan shi ne rauninsa. In ka bi gindin manyan itatuwan gonarku sau biyu a damina, bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, ka tuge tsiron da hannu har saiwa, ka gama da na wannan shekarar. Aikin yaro ne na rabin yini. In ka bari ya shekara uku, ya zama aikin gatari.

2. Wanda ya girma, sara kaɗai ba ta isa ba. A tone kututturen in zai yiwu. In ba zai yiwu ba, a riƙa karye tohon duk lokacin da ya fito, har saiwar ta gaji. Wasu na tara kara su ƙone kututturen, amma kada a yi haka a gindin kaɗanya ko ɗorawa, za ka kashe wadda ka zo ceto. Akwai maganin da ake shafawa a kan kututture da zarar an sare, wannan kuwa sai da shawarar malamin gona.

3. A ci amfaninsa. Wanda aka sare ya zama itacen girki, sanda, turke ko ƙotar fartanya. In ana neman gawayi ko makamashi, a fara da dogon yaro a ƙyale kaɗanya da ƙirya. A tsince 'ya'yansa a cikin gari a matse mai, ko a daka a jiƙa a yi feshin wake da kayan lambu. Duk ƙwallon da ya shiga turmi bai tafi gona ba.

4. A ba shi wurinsa. Bakin titi, kasuwa, makaranta, ko layin tare iska da ake yi wa aski a kai a kai kamar na Majiya. Tsakiyar gona da gindin itatuwan asali ba wurinsa ba ne.

5. A reni 'yan gida. Lokacin sharar gona a buɗe ido. In ka ga tsiron kaɗanya, ɗorawa, gawo ko tsamiya, ka kafa masa turke don mai garma ya gani, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka share ciyawar gefensa saboda wuta. Mu kuma roƙi iyayenmu mata su riƙa barin ɗan kaɗe a ƙasa. Ƙwallon kaɗanya ma ba ya jure ajiya, don haka in za a shuka a shuka shi ɗanye a inda ake so ya zauna.

Kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai

Duk lokacin da aka yi bikin dashen itatuwa, a makarantu ko a unguwanni, kusan kullum dogon yaro ake rabawa, saboda shi ne mai sauƙin reno kuma ba ya mutuwa. Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara, a dashe na gaba a cakuɗa. A sa ɗorawa, tsamiya, kuka, maɗaci da gawo. Mu 'yan sashen aikin gona za mu iya renon su a leda, iri kuwa kowa zai iya kawowa daga gida.

Ga kuma ɗan aiki na hutu ga duk mai sha'awa, ko wane fanni yake karantawa. Ka zaɓi manyan itatuwa biyar a gonarku. A gindin kowanne ka auna taku goma ta kowane ɓangare, ka ƙirga tsiron dogon yaro, ka ƙirga tsiron itatuwan asali, ka rubuta sunan garin da ranar, ka kuma tambayi dattijon gidan shekara nawa aka yi ana noma gonar ba hutu. In muka dawo muka haɗa na Zuru da Yawuri da Argungu da Gwandu, za mu sami hoton jiharmu da hannunmu muka zana, kuma ƙannenmu za su sami abin yin binciken kammala karatu a kai.

Mu dai a gonarmu, a rana ta huɗu ƙanena ya tsinci tohon kaɗanya biyu a gefen wata tsohuwar suri. Baba ya ɗaga adda, na ce, “Baba, don Allah a bar waɗannan.” Ya dube ni ya ce, “Ka san ba ni zan sha 'ya'yansu ba ko?” Na ce na sani. Ya yi shiru, sannan da kansa ya je ya saro ƙaya muka kewaye su. Da na gaya wa Kaka cewa jemagu da tsuntsaye ne suka yi mana shukar, sai ta ce, “To maigida, tun da su ba sa hutawa, ku ma kada ku huta.” In Allah ya kai mu damina, da hannu zan bi gindin kaɗanyar nan tun ruwan farko.